Sari ko rumfa? Yadda manyan kasuwannin intanet ke hulɗa da masu kaya

Tambaya: Sana'ata ɗinkin jaka da takalmin fata ce a Kano, da yara shida a shago. Ɗana ya matsa mini lamba in sa kayana a Jumia, wani aboki kuma ya ce Amazon ta fi tsoka. Abin da ban gane ba shi ne, su kamfanonin nan sarin kayan suke yi su sayar, ko ni zan sayar su karɓi la'ada? Wa ke yanka farashi? Idan kuma kaya ya dawo, asarar a wuyan wa take?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara buɗi. Duka biyun suna yi, kuma a shafi ɗaya, shi ya sa abin ke rikita mutane. Na daɗe ina riƙe wa 'yan kasuwa asusunsu a irin waɗannan kasuwanni: ni ke loda kaya, ni ke bin sawun kuɗi, in rigima ta tashi kuma ni ake turawa gaba. Zan fi kafa maka misali da Amazon, domin ita ta shimfiɗa tsarin da yawancin sauran suka kwaikwaya, kuma dokokinta a rubuce suke. Daga nan sai mu dawo gida kan Jumia.

Ka ce wa ɗanka ya buɗe maka shafin kowane kaya a Amazon, ya nuna maka wasu ƙananan layuka biyu a ƙarƙashin maɓallin saye. Ɗaya yana faɗin wanda ya sayar, ɗaya yana faɗin wanda zai aiko. In duka biyun sun ce Amazon, to kayanta ne, ta sara ta ajiye. In na sayarwa ya ambaci wani shago, na aikowa ya ce Amazon, to kayan wani ɗan kasuwa ne da ya ba ta ajiya a sitonta. In duka biyun sunan shagon ne, mai kayan ne zai ɗaure da kansa ya aika, Amazon fili kawai ta ba shi. Mai saye bai damu da layukan nan ba, da yawa ma ba su san da su ba. Amma kai mai kaya, duk amsar tambayarka tana cikinsu.

Ƙofar sari ita ce wadda ka riga ka sani. Kamar yadda babban ɗan kasuwa zai zo shagonka ya ce a ɗinka masa jaka ɗari biyar, haka Amazon take aika wa masana'antu da manyan diloli takardar oda. Ana kai kaya sitonta, su zama nata, ita ke yanka farashin kiri. Ba a neman shiga wannan ƙofa, gayyata ake yi, kuma galibi sai sunanka ya riga ya yi ƙarfi a kasuwa. Daga nesa kamar an tsinci dami a kala, ga mai saye guda da zai kwashe kaya gaba ɗaya. Amma biyan ba nan take ba ne, sai bayan kwana 30, ko 60, wani lokaci har 90, gwargwadon yarjejeniya. Kafin kuɗin ya iso kuma an zaftare kason talla, kason kayan da za su lalace, da tarar duk wani kuskure: kwali bai cika ƙa'ida ba, lamba ba ta manne inda aka ce ba, mota ta makara. Kowace shekara a sake zama, su nemi ƙarin rangwame. Abin da ya fi ci wa masu masana'anta rai shi ne farashi ya fita daga hannunsu. In kwamfutar Amazon ta hango wani shago yana sayar da kayanka da araha, sai ta sauke nata farashin ta daidaita, sauran dilolinka na gari su taso maka, su ce ka karya musu kasuwa. Mai yara shida a shago, wannan ƙofa ba taka ba ce yanzu, don haka ba zan daɗe a kanta ba.

Taka ita ce ƙofar rumfa. Nan kai ne mai kaya tun daga shago har hannun mai saye. Kai ke yanka farashi, kai ke rubuta bayani, kai ke ɗaukar hoto, in kaya ya yi kwantai kuma naka ne. Amazon ta fara da littattafai a 1995, kuma sai a ƙarshen 2000 ta buɗe shafukanta sosai ga 'yan kasuwa na waje su jera kayansu gefe da gefe da nata. A lokacin wasu sun ɗauka wauta ce, mutum ya gayyato kishiyoyi cikin shagonsa. A wasiƙar da Jeff Bezos, wanda ya kafa Amazon, ya rubuta wa masu hannun jari a 2019, ya kawo alƙaluma: a 1999 kason 'yan rumfa a cinikin kaya kashi 3 cikin 100 ne, zuwa 2018 ya kai kashi 58. Yanzu kusan shida cikin kowane kaya goma da aka saya a Amazon na 'yan rumfa ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa riƙe shago. Mai sari yana zuba jarinsa, in kaya bai tafi ba shi ya faɗi. Mai ba da hayar rumfa bai zuba ko sisi a kayan ba, an ci riba ya karɓa, an faɗi ya karɓa. A 2024 kaɗai, abin da Amazon ta tara daga la'ada da hidimomin da take yi wa 'yan rumfa ya haura dala biliyan 150, kuɗin talla kuma ya haura biliyan 50, kuma kaso mai tsoka na tallan nan daga aljihun masu kaya yake fitowa.

Da kakanninmu fatake suna nan, da sun ce ai wannan fatoma ne. Ka sauka a gidansa, ya ajiye maka kaya, ya kawo maka mai saye, ya tsaya a tsakani don kada a cuci kowa, ya cire la'adarsa. Bambancin shi ne fatoman da ya san ka, ya san mahaifinka, in an samu saɓani za ku zauna a zaure. Wannan fatoman ba shi da zaure.

Yanzu batun kuɗi, inda na fi ganin mutane suna ruftawa. In ka tambayi la'adar Amazon, za a ce maka yawancin kaya tsakanin kashi 8 zuwa 15 ne cikin 100, jaka da takalmi kashi 15, ga kuɗin rumfa dala 39.99 a wata ga mai babban asusu a Amurka. Mutum ya ji haka sai ya ce ai da sauƙi. To bari mu zauna da jaka guda mu yi lissafi. La'adar gaskiya ce, sauran alƙaluman ƙaddarawa ce kawai don ka ga yadda abin ke tafiya. Mu ce ka sa mata dala 40. La'ada ta ɗauki 6. Ka ba Amazon ajiya don ta ɗaure ta aika, tsarin da suke kira FBA wanda aka fara a 2006. Kuɗinsa ya danganta da nauyi da girman kwali, mu ce 6. Ɗaukar jakar daga Kano zuwa siton Amurka da kuɗin kwastan, mu ce 7 a kan kowace ɗaya. Sai talla. Sabon kaya da ba wanda ya taɓa saya balle ya yaba yana can shafi na goma, inda ko ɓatan hanya ba ya kai mutum. In kana so a gan ka, sai ka biya, kuma biyan a kan kowace latsawa ne, ko an saya ko ba a saya ba. In mutum goma suka latsa kafin ɗaya ya saya, kowace latsawa santi 80, dala 8 ta tafi. Kuɗin ajiya da asarar kayan da ake dawowa da su, a raba wa kowace jaka dala 2. An tashi 29, saura 11. In fata, zare, zif da ladan yaro sun ci dala 9, ribarka dala 2 ce a cinikin dala 40. Ka kuma lura, kusan rabin kuɗin a gidan Amazon ya kwana. Wannan ɓangaren ba ƙaddarawata kaɗai ba ce: hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, a ƙarar da ta shigar a Satumban 2023 tare da jihohi 17, ta yi zargin cewa masu kaya da yawa suna miƙa wa Amazon kusan rabin cinikinsu in aka haɗa duka kuɗaɗen. Amazon ta musanta zarge-zargen ƙarar.

Sito ma ba wurin kwana ba ne. Kuɗin ajiya yana tashi daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da kowa ke rububin wuri saboda cinikin Kirsimeti, kuma kayan da ya wuce wata shida a kwance ana ɗora masa ƙarin kuɗi. In ka gaji ka ce a dawo maka da shi, biya za ka yi. In ka ce a zubar, shi ma biya za ka yi. Me ya sa mutane ke jurewa? Saboda kayan da ke siton Amazon ne ke samun tambarin Prime cikin sauƙi, wato alamar kayan da ake isarwa da sauri, masu saye kuma sun saba da kaya ya iso gobe ko jibi, wanda ba shi da tambarin sai su tsallake shi.

Akwai wani abu da ba shi da kwatankwaci a Kurmi ko Kantin Kwari. A Amazon kaya ɗaya shafi ɗaya gare shi, ko da mutum ashirin ne ke sayar da shi. Ka ɗauka 'yan kasuwa ashirin ne ke da irin turmin atamfa guda, amma tebur ɗaya ne a bakin ƙofa, kuma mai kasuwa ne ke zaɓen wanda zai tsaya a kansa a kowane lokaci. Teburin nan shi ne maɓallin saye, wanda 'yan harkar ke kira Buy Box. Kwamfuta ce ke zaɓe, tana duba farashi, saurin isar da kaya da tarihin mai sayarwa, kuma mafi yawan ciniki ta nan yake bi. Shi ya sa masu sayar da kayan wasu, irin su caja da man shafawa, suke sa manhajoji suna rage wa juna santi ɗaya-ɗaya dare da rana har riba ta ƙare. Kai da kake ɗinka naka, ba ka cikin wannan kokawa, shafinka naka ne. Taka matsalar daban ce. Ranar da jakarka ta fara tafiya, akwai masu manhajar leƙen abin da ke tashe, kuma cikin 'yan watanni za ka ga mai kama da ita, ta roba mai kamar fata, a rabin farashinka. Wani ma zai iya maƙalewa a shafinka ya ce irin taka yake sayarwa. Kariyar da ke akwai ita ce rajistar tambarin kasuwanci a ƙasar da kake sayarwa, wadda da ita ake shiga tsarin kare tambari na Amazon. Ba ta hana a kwaikwayi fasali, amma tana hana a ci da sunanka.

Ka tambayi asarar kayan da ya dawo. A rumfa, taka ce, kusan ko yaushe. Kuma ina so ka gane dalili, don kada ka ɗauka mugunta ce zalla. Ciniki a intanet cinikin biri a sama ne: mutum zai ba da kuɗi kan abin da bai taɓa ba, ga wanda bai sani ba. Abin da kasuwar ke sayarwa a zahiri shi ne amana. Haka Taobao, kasuwar intanet ta kamfanin Alibaba, wadda aka buɗe a 2003, ta samu gindin zama a Sin: ta kawo Alipay, mai riƙe kuɗin mai saye har sai ya tabbatar kaya ya iso sannan a sakar wa mai kaya. Kowace babbar kasuwa tana da irin wannan. Amazon tana biyan 'yan rumfa duk mako biyu, kuma tana riƙe wani kaso har sai kaya ya isa an ga ba ƙorafi. In mai saye ya ce bai samu ba, ko ba abin da ya gani a hoto ba ne, galibi shi ake bai wa gaskiya, domin rasa ɗan rumfa ɗaya bai kai mata zafin rasa amanar mai saye ba. 'Yan rumfa suna nan a layi.

A nan kayan hannu ke shan wahala. Fata ba roba ba ce. Jaka goma daga hannun majemi ɗaya, ja ɗin wata ya fi na wata duhu, wata da ɗan tabo inda ƙaya ta taɓa akuyar, kuma duk da ƙamshin jima. Wanda ya san fata, waɗannan su ne shaidar ta gaske ce. Wanda bai sani ba zai buɗe kwali ya ce launi ya saɓa da hoto, tana wari, ya mayar, ya bar maka makin tauraro biyu cikin biyar a shafi. Maganin a rubuce yake: ka faɗi duka a bayanin kaya tun kafin a saya, ka ɗauki hoto a hasken rana ba tare da kwalliyar waya ba, ka sa ma'auni da santimita da inci. Takalmi kuwa, shawarata kada ka fara da shi. Ba kayan da ake mayarwa kamar abin sawa, saboda lamba 42 ta wani ba ita ce 42 ta wani ba.

Bayan haka akwai sikeli da ake auna ka kullum. A Amazon, odar da ta samu matsala kada ta kai 1 cikin 100, wadda ka makara aikawa kada ta kai 4, wadda ka soke da kanka don kaya ya ƙare kada ta kai 2.5. Ka haura, a rufe rumfar, kuma ana iya riƙe kuɗinka har kwana 90. Ba sai ka yi laifi ba ma. Na taɓa riƙe wa wani bawan Allah mai huluna da yadi asusu a wata kasuwa, ba zan kama suna ba. Saura mako uku Sallah, ciniki ya buɗe, sai muka wayi gari an rufe mu. Dalili? A katin shaidarsa an rubuta Muhammad, a banki Mohammed, kwamfuta ta ce mutum biyu ne. Na aika takardar rantsuwa daga kotu, amsa ta dawo kalma-kalma irin ta jiya. Na sake aikawa, ta sake dawowa. Babu ofishin da za ka je ka yi sallama, babu wanda za ka ce wa don Allah dubi fuskar mutumin nan. Sai bayan Sallah da kwanaki aka buɗe, kuɗin cinikinsa yana ciki, masu ɗinkin hula suna zarya a ƙofar gidansa. Tun daga ranar, kafin in buɗe wa kowa asusu sai na jera katinsa, takardar banki da ta rajistar kasuwanci a tebur na bi su harafi-harafi.

Wani zai zo ya ce maka yana da yaran da za su rubuta maka yabo na ƙarya ka hau sama. Ka sallame shi. A 2021 Amazon ta kori tambura kusan 600 na kamfanonin Sin, da asusu wajen 3,000, kan sayen yabo, cikinsu har da manya irin su Aukey da Mpow waɗanda ke cinikin miliyoyin daloli. Gani ga wane.

Akwai kuma abin da gwamnatoci suka daɗe suna kai ruwa rana a kansa: mai kasuwar shi ma ɗan kasuwa ne a cikinta. Yana ganin littafin kowa, abin da ke tafiya, a nawa, da yawan wanda ake mayarwa, alhali yana da kayansa masu tambarinsa. A 2020 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa wasu ma'aikatan Amazon sun yi amfani da bayanan 'yan rumfa wajen tsara kayan kamfanin. A Disamban 2022 Amazon ta yi wa Tarayyar Turai alƙawarin daina amfani da bayanan sirrin 'yan rumfa a cinikinta, da yin adalci wajen zaɓen mai hawa teburin nan. Italiya ta ci ta tarar sama da yuro biliyan ɗaya a 2021 kan fifita masu amfani da sitonta. Indiya ta bi ta wata hanya, ta hana kasuwar intanet mai jarin waje ta mallaki kayan da take sayarwa, ta ƙara tsaurara dokar a 2019. Sin ma ta ci Alibaba tarar yuwan biliyan 18.2 a 2021 saboda tilasta wa 'yan kasuwa su zaɓe ta ita kaɗai. Ban kawo waɗannan don in tsorata ka ba. Ina so ka san cewa doka a wuraren nan mai kasuwa ne ke rubutawa, yana kuma canza ta ranar da ya ga dama. Etsy, kasuwar da ta shahara da kayan hannu irin naka, ta ɗaga la'adarta daga kashi 5 zuwa 6.5 a Afrilun 2022. Dubban masu shago suka yi yajin mako guda, la'adar tana nan.

Daga baya wata ƙofa ta uku ta fito, wadda Temu ta shahara da ita tun da ta buɗe a Amurka a 2022, ta kuma shigo Najeriya a ƙarshen 2024. A babban tsarinta, masana'anta za ta kai kaya siton kamfanin a Sin, kamfanin ya tantance farashi, ya yi talla, ya aika. Amma kayan na masana'antar ne har sai an saya. Ka ga an haɗa maka wahalar ƙofa biyu: farashi ba a hannunka ba kamar mai ba da sari, kwantai kuma naka kamar ɗan rumfa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Yulin 2024 ɗaruruwan masu kaya sun yi cincirindo a ofishin kamfanin a Guwangzu suna kuka da tara da kuɗaɗen da aka riƙe musu. Wannan ya shafe ka ko ba ka shiga ba, domin jakar da za a jera kusa da taka a wayar mai saye daga irin wannan tsari ta fito.

To mu dawo gida. Jumia da Konga duk a 2012 aka kafa su a Legas. Jumia ta shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2019, Konga kuma kamfanin Zinox ya saye ta a 2018. Ginshiƙin tsarin ɗaya ne da wanda na bayyana: akwai kayan da kamfanin ke sara da kansa, akwai rumfunan 'yan kasuwa, akwai la'ada da ta bambanta daga nau'in kaya zuwa wani, akwai makin mai sayarwa, akwai tara in oda ta shigo ka ce kaya ya ƙare. Za ka iya riƙe kayanka, in oda ta faɗo ka ɗaure ka kai wurin karɓar kaya cikin wa'adi, ko ka ba su ajiya a sitonsu ƙarƙashin Jumia Express. A nan ma akwai 'yan kasuwar Sin da ke sayarwa kai tsaye daga can, don haka gasar ba ta 'yan gida kaɗai ba ce.

Abin da ya bambanta namu shi ne biya sai kaya ya iso. Da shi aka jawo 'yan Najeriya suka yarda da sayayya a intanet, kuma shi ne ciwon kan mai kaya. Wanda bai ba da ko kwabo ba, ba abin da ya ɗaure shi. Ɗan aike ya iso, waya a kashe. Ko ya ce ya yi tafiya. Ko albashi bai shigo ba. Jakarka ta bar Kano, ta yi zagayenta, ta dawo bayan makonni da kwali a lotse, ba ciniki. Wannan lokacin da jarinka ya yi a hanya shi ne asarar da ba a rubutawa a takardar la'ada. Ga kuma halin naira: kuɗin da aka biya ka bayan makonni ba lallai ya sayi fatar da ya kamata ya saya ranar da aka yi oda ba. Duk wanda zai yanka farashi a nan, ya yanka da farashin fatar gobe, ba ta jiya ba. Jiji kuwa kada ka haɗa ta da waɗannan. Ita allon talla ce: ka sa hoto da lambar waya, mai so ya kira ka, ku ƙarasa tsakaninku. Ba ta karɓar la'adar ciniki, ba ta kuma tsaya maka.

Abu ɗaya da nake so ya zauna maka, wanda shi ne ya fi la'ada tsada: mai sayen ba naka ba ne. A shagonka, Hajiyar da ta sayi jaka bana za ta dawo baɗi, ta turo ƙanwarta, ta kira ka in za ta aurar da 'ya. A Amazon ba za a ba ka imel ɗinta na gaskiya ba, saƙo ta cikin manhajarsu yake bi, kuma haramun ne ka ja ta zuwa wani wuri ku yi ciniki a waje. In an tambaye ta ina ta sayi jakar, za ta ce a Amazon. Shekara biyar kana tara yabo, ranar da aka rufe rumfar ba ka fita da ko ɗaya. Abin da ke bin kaya duk inda ya je shi ne sunan da aka buga a jikin fatar. In ba ka da tambari, ka sa a sassaƙa maka hatimin ƙarfe tun kafin ka loda hoto ko ɗaya.

Da ni ne kai, Amazon zan ajiye ta tukuna. Ba don kayan Kano ba su kai ba. Jar fatar akuyar ƙasar Hausa ta daɗe tana ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko. Amma fitar da kaya yana buƙatar rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, da cike fom ɗin fitar da kaya da ake kira NXP ta banki, da hanyar karɓar dala, da jarin da zai iya kwana wata uku ko huɗu a waje ba ka taɓa shi ba, da ikon ɗinka jaka ɗari biyu masu kama ɗaya. Ka fara a gida. Ka zaɓi fasali biyu ko uku na jaka, waɗanda yaranka ke fitarwa iri ɗaya ko da ido rufe. Ka ware guda talatin ko arba'in waɗanda in sun kwanta shago ba zai girgiza ba. Ka buɗe littafi daban, kowace jaka da layinta: ranar oda, ranar da ta bar hannunka, abin da aka cire, ranar da kuɗi ya shigo, ko ranar da ta dawo. Ɗanka ya riƙe wayar, amma asusun da bankin su kasance da sunanka ko sunan kasuwancin, kuma kai ma ka san lambar sirrin. Masu sayenka na WhatsApp da Instagram da dilolin da ke zuwa shago kada ka sake su saboda wannan, su ne naka.

Bayan wata uku littafin nan zai faɗa maka abin da ni ba zan iya faɗa maka daga nan ba. Kafin nan, ka sa a auna jaka guda a cikin kwalinta, nauyi da tsawo da faɗi da tudu, ka haɗa da abin da take ci maka daga majema zuwa gama ɗinki, ka turo mini mu fitar da farashin da za ka fara da shi.